Tuluna Biyu da Littafin Awo: Asalin Baje Kolin Kimiyya a Makarantu

Ina aji biyar a sakandare, cikin shekarar 1991, malaminmu na fiziks ya shigo aji wata ranar Litinin ya ce nan da mako shida za a yi baje kolin kimiyya na makarantun shiyyarmu, duk mai sha'awa ya kai masa sunansa da abin da zai yi. Nan take aji ya kaure da hayaniya. Wannan ya ce jirgin sama zai ƙera, wancan ya ce injin ba da wuta. Ni kuwa randunan Inna ne suka faɗo mini a rai. Guda biyu ne a gindin rumfar tsakar gidanmu: tsohuwa da ta yi baƙi har gansakuka ya kama gindinta, da sabuwa ja da aka sayo ranar kasuwa. Kowa a gidan ya san ruwan sabuwar ya fi sanyi, ita muke rububi in mun dawo daga makaranta. In ka tambayi Inna dalili sai ta ce tsohuwar ta daina zufa, kuma randar da ba ta zufa ba ta sanyi.

Na je na gaya wa Malam ina so in gane ko maganar Inna haka take. Ya buɗe kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje ya ɗauko ma'aunin zafi, ya naɗe shi cikin tsumma, ya miƙo mini, ya ce, "Uku suka rage mana a makarantar nan. Ka riƙe shi kamar ƙwai." Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, na ja masa layuka da rula. Sau uku nake awo kullum: bayan sallar asuba, da na dawo daga makaranta, da bayan isha.

Bayan mako biyu na kai masa littafin ina murna, domin lambobi sun goyi bayan Inna. Ya duba ya ce, "Ka nuna sabuwa ta fi sanyi. Ba ka nuna zufa ce ta jawo ba. Wataƙila girma ne, wataƙila inuwa ta fi sauka a kanta. Toshe zufar mu gani." Da kuɗin tarana na sayi ƙananan tuluna biyu wurin mai ginin tukwane ɗaya, girmansu ɗaya. Na shafe guda da fentin mai har sau biyu, na bar ɗayan yadda yake, na ajiye su gefe da gefe. Ruwan mai fenti ya zama kamar na bokiti. Marar fenti ya yi sanyi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi faɗi da rana tsaka, lokacin da iska ta bushe ƙarau. Sai na lura da abin da ban je nema ba: tulun mai sanyi kullum ruwansa raguwa yake yi ko ba wanda ya sha. Na shiga auna raguwar da kofi. Ashe da ruwa ake sayen sanyin. Wanda ya tsattsafo ta ƙofofin yumɓu, in zai bi iska, sai ya ɗebi zafi daga wanda ya rage a ciki.

Ranar gasa aka jera tebura a babban zauren wata makaranta. Kusa da ni wani yaro ya kafa gari guda a kan falangen katako: tituna, gidajen kwali, masallaci da hasumiyarsa, fitilun kan titi da ke kamawa in an danna maɓalli, har da 'yar fanka tana juyi. Mutane suka yi masa cincirindo, kuma ya isa kallo, ya yi kyau ƙwarai. Da alƙalai uku suka iso teburina, babbansu ya dubi tulunan ya ce, "Yaro, wannan me yake yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ya yin komai, awo na yi." Ya buɗe shafi biyu na littafin, ya ce madalla, suka wuce. Garin katako ya ɗauki kofi. Dukanmu mun san wani mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa ya haɗa wayoyin, kuma ba wanda ya tambayi yaron yadda wutar ke zagayawa.

Abin ya yi mini ciwo, na kuma daɗe ina ɗauka ni ne ban fahimci abin da ake so ba. Sai da na zama malami, aka fara ɗora mini shirya irin wannan gasa, na bi sawun al'adar zuwa inda ta fito, sannan na gane cewa ni da yaron nan kowa ya gaji wani ɓangare ne na tarihinta.

Gadon garin katako ya fi tsufa. A 1828 wata ƙungiya ta 'yan kasuwa da masu masana'antu a birnin New York, mai suna American Institute, ta soma baje koli na shekara-shekara. Amurka a lokacin tana fafutukar nuna cewa ita ma za ta iya ƙera abin da take sayowa daga Ingila. Manomi ya kawo garmarsa, maƙeri ya kawo injinsa, masaƙi ya kawo yadinsa, alƙalai su zaga su raba lambobin zinariya da azurfa. Wanda ya taɓa shiga kasuwar baje koli ta Kaduna ya san irin wurin. Tambayar alƙali a can ita ce wadda aka yi mini: me yake yi, kuma ya fi na wancan? Ga magidanci mai neman kasuwa wa hajarsa, tambaya ce da ta dace.

Bayan shekara ɗari cif, a 1928, ƙungiyar ta juya wajen yara. Ta haɗa kai da malaman makarantun birnin, aka shirya baje kolin yara a babban gidan adana halittu na New York. Abin da aka kawo a farko ba injuna ba ne. Tsirrai ne da yara suka rena, da ƙwari da suka tattara suka jera, da lambunan makaranta, da bayanin yadda za a kare itatuwa da tsuntsaye. Da yawa aikin aji guda ne ko na kulob, ba na yaro ɗaya ba. Cikin shekarun 1930 ne lantarki da rediyo da sinadarai suka soma cin wuri.

Cikin malaman da suka tsara wannan harka akwai Morris Meister, wanda aka kawo Amurka yana yaro daga gabashin Turai. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Columbia kan abin da yara ke koya da kansu bayan an tashi daga makaranta, da kayan wasan haɗa-haɗa da 'yan gwaje-gwajen gida. Shi ne daga baya, a 1938, ya zama shugaba na farko na makarantar kimiyya ta Bronx, wadda tsofaffin ɗalibanta da dama suka ci lambar Nobel. Ra'ayinsa ya samo tushe daga John Dewey, masanin falsafar ilimi: yaro ba ya sanin kimiyya ta haddace sakamakon da wani ya samo, sai ya ɗauki tambayarsa ta kansa ya sa hannu. Kuma a wurinsu manufar ba fitar da ƙwararru ba ce kawai. So suke ɗan ƙasa, ko direba zai zama ko mai shago, ya iya bambanta abin da aka gwada da abin da aka ce.

A nan ne asalin abin da kowane ɗalibi ke rubutawa a kwalinsa yau. Dewey ya wallafa wani littafi a 1910 kan yadda mutum ke tunani, inda ya zayyana matakai biyar: ka ji wani abu ya shige maka duhu, ka tantance mene ne matsalar, ka kawo hasashe, ka bi hasashen a tunani ka ga inda zai kai ka, sannan ka gwada. Marubuta littattafan makaranta suka ɗauki wannan suka mai da shi tsani mai hawa-hawa, har ya zama kanun da ake liƙawa a allo mai fukafuki biyu: tambaya, hasashe, kayan aiki, hanya, sakamako, kammalawa. Ina koyar da matakan nan, suna da amfani ga mai farawa. Amma ina gaya wa ɗalibaina cewa bincike na gaskiya ba ya tafiya a miƙe haka. Dabarar fenti sai da na yi mako biyu ina awo ta zo, ita ma daga bakin Malam. Raguwar ruwa kuwa ba ta cikin hasashena ko kaɗan, kuma ita ce zuciyar aikin.

Yaƙi ne ya sauya fuskar al'adar. Akwai wata ƙungiya mai suna Science Service da wani mai gidajen jaridu, E. W. Scripps, da masanin dabbobi William Ritter suka kafa a 1921 don sauƙaƙa wa jama'a labarin kimiyya. A 1941 ta karɓi ragamar kulob-kulob na kimiyya a faɗin ƙasar. A watan Disamba na wannan shekara Japan ta kai hari Pearl Harbor, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 ƙungiyar da kamfanin kayan lantarki na Westinghouse suka fara gasar zaƙulo masu baiwa. Ana tace ɗaliban ajin ƙarshe na ƙasa baki ɗaya a fitar da 40, a kai su Washington, a ba waɗanda suka yi fice tallafin karatun jami'a. A shekarar farko har da rubutu aka sa su yi kan yadda kimiyya za ta taimaka a ci yaƙi. Namiji ɗaya da mace ɗaya aka ɗaga sama: Paul Teschan, wanda ya zama likitan ƙoda, da Marina Prajmovsky, wadda ta zama likitar ido. Daga nan magana ta tashi daga tarbiyyar kowane yaro ta koma farautar 'yan kaɗan da ƙasa za ta mora. Ba na raina wannan. Fiye da mutum goma cikin waɗanda suka bi ta gasar sun ci Nobel daga baya. Amma an yi hasarar wani abu, domin tun daga ranar kofi ya shiga tsakanin yaro da tambayarsa.

A 1950 aka yi baje kolin ƙasa na farko a Philadelphia, da ɗalibai 30 kacal. Shekara bakwai bayan nan, ranar 4 ga Oktoba 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 83 da 'yan kai, yana zagaya duniya yana aiko da ƙara ta rediyo. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka ce makarantunsu ne suka gaza. A 1958 majalisa ta yi dokar da ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsuna, kuma da sunan tsaron ƙasa aka yi ta. A wannan shekarar ne ɗalibai daga Japan da Kanada da Jamus suka fara halartar baje kolin, ya zama na duniya.

Akwai labari ɗaya na wannan zamani da nake yawan ba ɗalibai. Homer Hickam ɗan wani ƙaramin garin haƙar kwal ne, Coalwood, a jihar West Virginia. Ya ga Sputnik ta gifta sararin garinsu da dare, shi da abokansa suka shiga ƙera ƙananan rokoki. Na farko ya tarwatse ya tafi da shingen lambun mahaifiyarsa. Malamarsu ta kimiyya, Freida Riley, ta samo musu littafi kan rokoki ta tsaya musu. A 1960 aikinsu ya ci lambar zinariya a baje kolin ƙasa a Indianapolis, shi kuma Hickam ya ƙare injiniya a hukumar NASA. Abin da nake so a lura da shi: su ma manya sun taimake su. Masu walda da masu sassaƙa ƙarfe na kamfanin kwal ne suka riƙa yi musu bututun rokar. Bambancinsu da maƙwabcina na zauren gasa shi ne, yaran ne ke zana abin da suke so a sassaƙa, su harba, su lissafa tsawon da ta kai, su canza abu ɗaya su sake. Taimakon babba ba laifi ba ne. Laifin shi ne babba ya ɗauke wa yaro tunanin.

Daga Amurka al'adar ta bazu. Wasu masana fiziks biyu 'yan Ireland, Tom Burke da Tony Scott, sun gan ta a New Mexico suka kai gida, aka fara tasu a 1965. Jamus ma ta fara tata a shekarar. Afirka ta Kudu ta soma a 1980.

To me ake bukata daga ɗalibi a yau? Na samu takardar makin babbar gasar duniya, wadda ake kira ISEF, da kamfanin Intel ya ɗauki nauyinta daga 1997, kamfanin Regeneron kuma ya karɓa a 2020. Ranar da na fara karanta takardar nan sai da na ajiye ta na yi shiru. Maki 100 ne. Tambayar bincike tana da 10. Tsarin gwaji 15. Tattara bayanai da fassara su 20. Sabon tunani 20. Gabatarwa 35, amma a cikinsu allon da aka ƙawata 10 kawai yake ci, sauran 25 na hira ne. Alƙali zai tsaya gaban yaro ya yi ta tambaya: me ya sa ka zaɓi wannan hanya, sau nawa ka maimaita, ina raunin aikinka, wane ɓangare ne ka yi da kanka, me za ka yi nan gaba. Masu ƙera na'ura suna da tasu takardar daban, amma su ma ba a barinsu da "ga shi yana aiki". Sai sun faɗi matsalar da suke warwarewa, sun nuna yadda suka gwada na'urar a yanayi daban-daban.

Sauran ƙa'idojin ma kowace da dalilinta. Taƙaitaccen bayani kada ya wuce kalma 250. Aikin kada ya haura wata 12. Ƙungiya kada ta wuce mutum uku. Wanda ya yi aiki a ɗakin binciken jami'a, sai babban da ya kula da shi ya cika takarda ya bayyana me yaron ya yi, me aka yi masa. Gwaji a kan mutum ko dabba sai kwamiti ya amince kafin a fara, kuma wannan ya biyo bayan ƙorafin da aka yi ta yi a shekarun 1960 da 1970 kan yaran da ke azabtar da ɓeraye da tsuntsaye don neman kyauta. Wurin baje kaya an ƙayyade shi, faɗinsa santimita 122, zurfinsa 76. Sannan ba a yarda a kawo abu mai rai teburin ba, ko tsiro, ko ƙasa, ko abinci, ko ruwa. Wato da can na je, da a bakin ƙofa za a sa in zubar da ruwan tulunana. Hotuna da littafin awo su ne za su tsaya mini.

Kada a ɗauka can komai lafiya. Iyaye a Amurka sun daɗe suna kuka cewa furojet ɗin yaro ya zama aikin uwa da uba na daren ƙarshe. Malamai na kuka cewa ɗan farfesa mai hanyar shiga ɗakin binciken jami'a ya riga ɗan talaka nisa tun kafin a busa usur. Kuma dutsen kwali mai aman kumfa, da ake zuba wa hodar burodi da ruwan tsami, ya cika zaurukansu kamar yadda garin katako ya cika namu. Gadon 1828 bai mutu a ko'ina ba.

A nan gida, ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, STAN, an kafa ta a 1957, shekarar Sputnik. A 1977 Jihar Kano, ganin ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta, ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana zaɓo yara ta jarrabawa, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura. Duk wanda ya san asibitocin Arewa ya san abin da makarantun nan suka haifar. Tsarin karatu na 6-3-3-4 ya zo a farkon shekarun 1980 da darasin koyon fasaha, sannan kulob-kulob na kimiyya da fasaha da ake kira JETS suka bazu a sakandare, da gasa tun daga shiyya zuwa jiha zuwa ƙasa. Niyya mai kyau ce, kuma ta buɗe wa yara da yawa ido.

Amma a zaurukan da na shiga cikin shekara talatin, ɓangaren nuni muka fi riƙewa. Na yi ta tunanin dalili. Ranar gasa akwai babban baƙo, akwai mai ɗaukar hoto, kuma abin da ke juyi ko ke haske shi ke shiga hoto. Alƙali na da tebur hamsin da awa biyu, ina zai samu lokacin karanta littafin awo? Makarantar da ma'aunin zafinta uku ne, sikelinta ya lalace, da wuya ta koya wa yaro son awo. A makarantar da na fara koyarwa na tarar da akwatunan injuna a sito ba a ko buɗe su ba, saboda babu wuta. Sannan mu kanmu malamai haka aka rene mu: a ba ka amsa, ka haddace, ka mayar.

Ba ina cewa a raina mai ƙira ba. Yaron da ya tashi yana yin motar kara da ta langa-langa, yana lanƙwasa waya ya yi mata sitiyari, hannunsa ya san abin da littafi ba ya koyarwa, kuma ƙasar nan na bukatarsa. Abin da nake roƙo a ƙara masa tambaya ɗaya ne. Ka ƙera murhu mai cin gawayi kaɗan? Madalla. Kaɗan nawa? Kawo murhun gidanku, a tafasa ruwa lita biyu a kowanne, a auna gawayin kafin da bayan, a yi sau biyar.

A shekarar 2000 na ji a rediyo cewa wani malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, Mohammed Bah Abba, ya ci kyautar Rolex ta dala 75,000 saboda randa cikin randa. Ɗan gidan magina tukwane ne. A sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin na bin iska ta jikin babbar yana janye zafi. Na tashi tsaye a ɗakin malamai don murna. Ilimin tsoho ne, kakanninmu sun san shi. Abin da ya kai shi kunnen duniya shi ne mutumin ya gwada, ya ƙirga kwanaki, ya raba dubban tukwane a ƙauyuka da kuɗin aljihunsa. Bayanan da suka biyo kyautar sun ce yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku. Da na je gida hutu na ba Inna labari. Ta ce, "To ai na gaya maka zufa ce."

Tun daga lokacin, duk gasar da aka sa ni shiryawa nakan nemi abu biyu: kowane ɗalibi ya zo da littafin aikinsa mai kwanan wata, kuma kowane alƙali ya zauna da yaro aƙalla minti biyar. Wani lokaci a yarda, wani lokaci a ce babban baƙo na sauri.

Bara wata yarinya 'yar aji huɗu ta zo mini da maganar wake. Kakarta na zuba toka a waken ajiya, maƙwabciyarsu barkono take sawa, wata kuma ganyen darbejiya. Wanne ya fi hana ƙwaro? Muka zauna muka tsara. Ta ɗebo wake daga buhu ɗaya da ƙwaro ya fara taɓawa, ta cakuɗa shi sosai, ta ware ƙwayoyin da ba su huje ba. Ƙwaya 100 a kowace kwalba. Toka, barkono, darbejiya, sai wadda ba a sa wa komai ba, duka an ɗaure bakinsu da ƙyalle. Ta biyar babu magani, amma an toshe ta da murfi da leda yadda iska ba ta shiga. Kowane iri kwalba uku. Duk Juma'a bayan an tashi sai ta juye waɗanda ke ɗaure da ƙyalle a faranti, ta ƙirga masu huji da tsinke, ta rubuta. Masu murfi ba a buɗe su ba sai ranar ƙarshe.

A mako na takwas ta same ni a ofis, fuskarta a ɓace. Ta yi hasashen darbejiya za ta zo ta ɗaya, saboda ɗacinta. Ba ta zo ba. Toka ta fi ta, kwalaben da aka toshe kuma sun fi duka. Ta ce, "Malam, hasashena bai fito daidai ba. In gyara shi kafin in rubuta a kwali?" Na ce kada ta taɓa ko harafi. Na gaya mata cewa abin da ta gani a kwalbarta shi ne sirrin buhun nan mai leda biyu a ciki da manoman wake ke saya a kasuwa, wanda masanan Jami'ar Purdue da abokan aikinsu na arewacin Kamaru suka samar: ƙwaron na shaƙe iskar da ke ciki, in ta ƙare ya daina ci da haihuwa. Ta ce ta sha ganin buhun a shagon kawunta, ta ɗauka magani ne aka shafa a ledar.

Ranar gasa teburinta na can ƙarshen layi, kusa da taga. A tsakiyar zaure akwai jirgi marar matuƙi da wasu samari suka haɗa, jama'a duk suna can. Ɗaya daga cikin alƙalan, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin gona na gwamnati, ta ja kujera ta zauna gabanta. Ta ce, "'Yata, me ya sa kwalba uku-uku? Ɗaya ba ta isa ba?" Yarinyar ta ce, "Hajiya, in ɗaya ce, wataƙila ƙwan ƙwaro ne ya fi yawa a cikinta tun farko, sai in ɗora wa ganyen laifi." Dattijuwar ta buɗe littafin daga shafin farko, ta bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta tarar da wata Juma'a babu lamba, an rubuta cewa an yi rasuwa a gida, an yi ƙirgar ranar Lahadi. Sai ta ce a juye mata kwalbar toka ta biyu. Ta karɓi tsinken, ta gyara tabarau, suka ƙirga tare, lambar ta fito yadda take a littafi.

Jirgin ya zo na ɗaya, waken na biyu. Da ana kwashe tebura yarinyar ta zo ta tambaye ni ko makaranta za ta ba ta aron ƙaramin sikeli ta tafi da shi hutu. Gero take so ta gwada, kuma ƙwayarsa ta yi ƙanƙanta da ƙirga da tsinke. Na sa ta rubuta sunanta da kwanan wata a rajistar ɗakin gwaje-gwaje, na sa mata sikelin a kwalinsa, na nuna mata yadda ake mai da allurar kan sifiri kafin kowane awo.